Yadda Ake Gane Asalin Ramuka Masu Baƙuwar Siffa a Hotunan Mars da Wata

Lokaci zuwa lokaci hoto kan shigo zaurukan WhatsApp na 'yan Arewa mazauna Legas, a ce wai ga rijiya a duniyar Mars, ko ga tubalin gini, ko ga sawun wata halitta. Kafin a yi sallar isha'i an kai maganar teburin mai shayi a Agege da Idi-Araba, wannan ya ce aikin aljanu ne, wancan ya ce Turawa ne suka haɗa a kwamfuta. Yawancin hotunan nan na gaskiya ne, bayanin da aka liƙa musu ne ƙarya. Rami a kan wata duniya yana ɗauke da labarin abin da ya haƙa shi, da irin ƙasar da aka haƙa, da abin da ya same shi daga baya. Akwai tsarin da ake bi a karanta wannan labari, kuma mai waya da 'yar data zai iya bin sa. Sharaɗin kawai shi ne a bi matakan a jere, kada a fara da yanke hukunci.

Mataki na 1: Nemo hoton asali

Hoton da aka tura daga waya zuwa waya ya riga ya dagule, an yanke gefensa, an share ma'auninsa. Koma tushe. Don Mars, akwai shafin kyamarar HiRISE na Jami'ar Arizona. Kyamarar tana kan kumbon Mars Reconnaissance Orbiter wanda ya isa can a 2006, kuma kowane ɗigo na hotonta yana wakiltar kusan santimita 30 a ƙasa. A kan kumbon akwai wata kyamarar, CTX, mai ɗigon mita 6, wadda ta fi dacewa da ganin yanki mai faɗi. Don Wata, buɗe QuickMap, taswirar intanet ta kyamarar LROC, da ke kan kumbon da aka harba a 2009. Mai laftof zai iya sauke manhajar taswira ta JMARS ta Jami'ar Jihar Arizona kyauta, ko ya yi amfani da Google Earth Pro, wanda ke da sashen Mars da na Wata.

Shawara ta mai zama a Legas: manyan fayilolin HiRISE suna cinye data ba kaɗan ba. Fara da ƙananan hotunan JPEG da ke shafin, sai in ka tabbatar ramin ya cancanta ka sauke babban da dare, lokacin da layi ya yi sauƙi kuma akwai wuta.

Mataki na 2: Gano inda rana take

A nan ne mafi yawan mutane ke faɗuwa tun ba a je ko'ina ba. Ƙwaƙwalwar ɗan Adam ta saba da haske daga sama. Idan a cikin hoton hasken ya fito daga ƙasa, rami zai koma tudu a idonka, kwari ya koma tsauni. Maganinsa ba wuya: juya wayar, kai ya koma ƙasa. Sau da yawa "ƙubbar" da ake ta musu a kanta sai ta lotsa nan take ta zama rami.

Kada ka tsaya a nan, tabbatar da hujja. A rami, bangon da ke ɓangaren rana shi ne mai inuwa, na nesa da ita shi ne mai haske. A tudu kuwa akasin haka ne. Kumbon da ke ɗauke da HiRISE yana wucewa ne wajen ƙarfe uku na yamma a agogon Mars, don haka in arewa tana sama a hoton, hasken daga hagu yake zuwa, wato daga yamma. Rami zai nuna inuwa a bangonsa na hagu.

Ka tuna "fuskar mutum" da kumbon Viking 1 ya ɗauka a yankin Cydonia na Mars a watan Yulin 1976. Shekaru aka yi ana rubuce-rubuce a kanta. Da kumbon Mars Global Surveyor ya sake ɗaukar wurin a 1998 da 2001, da kyamara mafi kyau kuma rana na wani ɓangare, sai ga tsauni ne kawai da iska ta zaizaye.

Mataki na 3: Auna faɗi da zurfi

Hoto ba ya faɗa maka girma da kansa. Ramin mita 50 da na kilomita 5 suna iya kama da juna. Nemo sandar ma'auni a gefen hoton, ko ka yi amfani da abin aunawa na QuickMap, ka ja layi daga baki zuwa baki. In kana son ka ji girman a jikinka, gadar Third Mainland tana da tsawon kilomita 11.8, ka riƙa gwada ramukan da ita.

Girma yana da muhimmanci domin siffa tana canzawa da shi. Ƙaramin rami kwano ne zalla, zurfinsa kusan kashi ɗaya cikin biyar na faɗinsa in sabo ne. Da ya wuce wani iyaka, bangon ba ya iya riƙe kansa, sai ya zame ya yi matakala, ƙasan ta baje, tsakiyar ta taso ta zama tsauni. A Wata iyakar tana wajen kilomita 15 zuwa 20, a Mars wajen kilomita 7, a duniyarmu kilomita 2 zuwa 4, saboda bambancin ƙarfin jan ƙasa da irin duwatsun. Ramin Tycho na Wata, mai faɗin kilomita 85, yana da tsaunin tsakiya mai tsayin kusan kilomita 2. Wanda ya ga tsauni a tsakiyar babban rami bai ga abin mamaki ba. In ramin ya kai ɗaruruwan kilomita, tsaunin kan buɗe ya zama zobe, kamar a Schrödinger da ke kusa da kudancin Wata.

Zurfi kuma inuwa ce ke ba da shi. A shafin kowane hoton HiRISE akwai layin da aka rubuta "Solar incidence angle". Cire wannan lamba daga 90, abin da ya rage shi ne tsayin rana daga ƙasa. A ce an rubuta 70, rana tana digiri 20 ke nan. Auna tsawon inuwar daga bakin ramin, a ce mita 600. Buɗe kalkuletar waya, danna tan 20, za ka samu 0.364. Ninka da 600, zurfin ya kama mita 218. In faɗin ramin kilomita 1.1 ne, lissafi ya fita daidai da ɗaya cikin biyar: sabon rami ne. In ka samu ɗaya cikin ashirin, ko dai an cike shi da yashi da ƙanƙara, ko kuma ba irin ramin da kake zato ba ne. Lura: sai inuwar ta kai kusan tsakiyar ramin wannan lissafi yake ba da cikakken zurfi.

Mataki na 4: Tambayi bakin ramin, faɗowa ce ko ruftawa?

Ba kowane rami zagayayye ne dutsen sama ya haƙa ba. Ramin faɗowar dutse yana da baki da ya ɗaga sama da filin da ke kewaye, ƙasansa tana ƙasa da filin, kuma akwai baraguzai a warwatse a waje. Ramin ruftawa ba shi da ɗagaggen baki, ba shi da baraguzai a waje: filin yana tafiya a miƙe sai kawai ya yanke ya faɗa. Ba a watso komai waje ba, domin ƙasar ciki ta tafi.

A yankin Tharsis na Mars irin waɗannan suna jeruwa a kan layin tsagewar ƙasa. A 2007 hotunan kumbon Mars Odyssey suka nuna baƙaƙen ramuka bakwai a gefen dutsen Arsia Mons, waɗanda ake ganin ƙofofin koguna ne. Kumbon Kaguya na Japan ya gano makamancinsu a tuddan Marius na Wata a 2009: rufin tsohuwar hanyar narkakken dutse ne ya ɓurma. Yawancin "rijiyoyin" da ke yawo a WhatsApp daga wannan gida suke.

Na uku shi ne bakin dutse mai aman wuta. Shi a saman tudu yake zama, kuma sau da yawa ramuka ne cikin ramuka, kamar guda shida da ke kan dutsen Olympus Mons na Mars. A gida ma muna da misali: tafkin Tila a ƙasar Biu aman wuta ne ya samar da shi, tafkin Bosumtwi kusa da Kumasi kuwa, mai faɗin kilomita 10.5, dutsen sama ne ya haƙa shi kimanin shekara miliyan ɗaya da ta wuce. Shi kuma zoben Richat na Muritaniya, da ya fi kowanne kama da wurin faɗowar dutse in an hango daga sama, ba shi ba ne sam, ƙasa ce ta kumburo zaizaya ta feƙe ta.

Mataki na 5: Karanta baraguzan da aka watsar

Nan ne ilimin yake, kuma nan ya kamata ka fi daɗewa.

Fara da tambayar da kowa ke yi: in duwatsu daga kowace kusurwa suke zuwa, me ya sa kusan duk ramukan zagayayyu ne? Domin dutsen yana zuwa da gudun kilomita 10 zuwa 20 a sakan ɗaya. A wannan gudu ba haƙa yake yi ba, fashewa yake yi, fashewa kuwa ko'ina take bugawa daidai. Shi ya sa ramin kan ninka dutsen da ya haƙa shi sau goma zuwa ashirin. Kusurwar da aka fi samu digiri 45 ce, amma rami ya fito a zagaye. A 1978 Donald Gault da John Wedekind suka wallafa sakamakon gwajin da suka yi da wata bindigar bincike a cibiyar Ames ta NASA, suna harba ƙananan harsasai ta kusurwa daban-daban. Sun nuna cewa baraguzan ne ke fara tona asiri tun kafin ramin ya canza siffa.

Ga yadda za ka bi. In baraguzan sun kewaye ramin ta ko'ina, dutsen daga sama sosai ya sauko. In akwai wani yanki mai siffar yankan kankana da babu komai a cikinsa, dutsen a karkace ya zo, kuma daga ɓangaren da babu baraguzan ya fito. In wuraren da babu komai biyu ne, gaba da baya, baraguzan sun tafi dama da hagu kamar fikafikan malam-buɗe-littafi, kuma ramin ya yi tsawo, to dutsen shafar ƙasa ya yi, ƙasa da digiri 10 ko 15.

Wannan kana iya gani da idonka daga saman bene a Mushin ko Ojota. Hasken fitilun Legas yana kashe taurari amma ba ya iya wa Wata komai. Da madubin hangen nesa na hannu mai lamba 10x50, a daren 13 ko 14 ga wata, duba gefen Mare Crisium, baƙin tabon nan zagayayye da ke kusa da gefe. Akwai ɗan rami mai ƙyalli, Proclus, da zarruwansa, wato fararen layukan baraguzansa, suka bazu ta ko'ina ban da kudu maso yamma. Daga nan dutsen ya zo. Tagwayen ramukan Messier da Messier A a Mare Fecunditatis, masu dogayen zarruwa biyu da suka nufi yamma, sai da ƙaramin madubin hangen taurari ko QuickMap. Zarruwa a cikar wata suke fitowa, bango da tsaunuka kuma a daren 7 ko 8, a kan layin da haske ya haɗu da duhu. Daga Nuwamba zuwa Maris sama ta fi buɗewa a nan, Yuni da Yuli kuwa hadari ba ya bari.

A Mars akwai wani salo da babu shi a Wata. Baraguzan ba feshi suke yi ba, kwarara suke yi, su tsaya da kauri a ƙarshe, leɓe a kan leɓe, kamar an jefa bulo cikin taɓon Mile 12 bayan ruwan Yuni. Hotunan Viking na 1976 ne suka fito da su sosai, kuma ramin Yuty mai faɗin kusan kilomita 18 shi ne misalin da ake koyarwa da shi. Bayanin da ya fi karɓuwa shi ne akwai ƙanƙara a ƙarƙashin ƙasa, zafin faɗowar ya narkar da ita ta gauraya da ƙasa, kodayake wasu masana suna ba iskar Mars nata kason. Ƙanƙarar ba zato ba ce. Ranar 24 ga Disamba 2021 na'urar InSight da aka sauke a Mars ta ji girgiza, daga baya aka gano sabon rami mai faɗin kusan mita 150 a Amazonis Planitia, da manyan curin ƙanƙara zube a bakinsa.

Sai kuma ramin da ke zaune a kan dandamali, sama da filin da ke kewaye. Kada ka ce gini ne. Baraguzan sun rufe ƙasar da ke ƙarƙashinsu sun kare ta, iska ta kwashe ta kewayen ko ƙanƙarar cikinta ta tashi, aka bar ramin a sama. Tsayin dandamalin yana gaya maka kaurin ƙasar da ta ɓace.

Mataki na 6: Leƙa ciki

Matakala a cikin ƙaramin rami, wanda bai kai girman zamewar bango ba, alama ce ta ƙasa hawa-hawa: mai laushi a sama, mai tauri a ƙasa. A yankin Arcadia Planitia na Mars, da irin waɗannan ramuka da na'urar rada aka gano shimfiɗar ƙanƙara mai kaurin gomman mitoci. Ƙasan da ta tsattsage, kamar ta Gassendi a Wata, narkakken dutse ne ya turo ta daga ƙasa. Rami mai kusurwoyi, murabba'i ko mai gefe shida, tsofaffin tsagogin dutsen wurin ya bi. Ramin Arizona na Amurka ma in ka dube shi daga sama ya fi kusa da murabba'i. Baki mai gantsare-gantsare, kamar na ramin Victoria na Mars da motar bincike Opportunity ta isa a 2006, aikin iska ne da zubewar bango.

Tsauni a tsakiya yana buƙatar kallo na biyu. Ramin Gale na Mars yana da faɗin kilomita 154, kuma tudun da ke cikinsa ya haura kilomita 5. Amma shi shimfiɗa-shimfiɗa ne, laka da yashi da suka taru daga baya, shi ya sa aka sauke motar bincike Curiosity a can a watan Agustan 2012. In ka ga kwazazzabo ya fasa baki ya shigo, da ƙasa a baje a bakin shigarsa, ruwa ya taɓa kwanciya a wurin. Haka ramin Jezero na Mars yake, inda motar Perseverance ta sauka ranar 18 ga Fabrairu 2021. Farin abu a ciki kuma ba lallai ƙanƙara ba ce. Abin da ke cikin ramin Korolev a arewacin Mars ƙanƙara ce mai kaurin kilomita 1.8, amma fararen ɗigon da kumbon Dawn ya gani a ramin Occator na ƙaramar duniyar Ceres a 2015 gishiri ne, dangin kanwa, da ruwan ƙarƙashin ƙasa ya bari.

Mataki na 7: Ja baya ka duba maƙwabta

Rage girman hoton har sai ka ga ɗaruruwan kilomita. Tarin ƙananan ramuka marasa zurfi, marasa tsari, masu kallon gefe ɗaya, yawanci 'ya'yan wani babban rami ne: duwatsun da ya watsar ne suka dawo suka haƙa nasu. Tsakaninsu ana samun ƙananan tudu masu siffar V, kuma tsinin yana nuna inda uwar take. Bi shi. Ramin Zunil na Mars, kilomita 10 kacal, ya haifar da miliyoyin irin waɗannan, wasu a nisan sama da kilomita 1,000. Irin wannan bugu ne ke cilla dutse ya bar Mars ɗungurungum. Dutsen da ya faɗo a Zagami ta ƙasar Katsina a watan Oktoban 1962, mai nauyin kusan kilo 18, ɗaya ne daga cikinsu.

Jerin ramuka a layi yana da bayani uku, kuma matakan baya ne za su raba maka gardama. In ba su da ɗagaggen baki, ruftawa ce. In layin ya nufi wani babban rami, 'ya'yansa ne. In suna da baki, girmansu kusan ɗaya, layin miƙaƙƙe kuma bai nufi kowa ba, mai yiwuwa dutse ɗaya ne ya tarwatse kafin ya iso. An fahimci wannan sosai bayan tauraro mai wutsiya Shoemaker-Levy 9 ya rabu gida 21 ya afka wa Jupiter a Yulin 1994; jerin Enki a kan Ganymede, ɗaya daga cikin watannin Jupiter, haka ake fassara shi. Ramuka biyu manne da juna da miƙaƙƙen bango a tsakaninsu tare suka faɗo. In bakin ɗaya ya hau kan ɗayan ya yanke shi, na saman ne ƙarami a shekaru.

Mataki na 8: Gwada da hannu, sannan ka rubuta

Zuba garin fulawa a faranti mai zurfi, kaurin yatsa huɗu, ka barbaɗa garin koko a sama. Saki ƙwallon gilashi daga tsaye, sannan ka jefa wani a karkace. Kashe fitila, haska tocilar waya daga gefe, ɗauki hoto, juya shi. Za ka ga zarruwa, ka ga yankin da babu baraguzai, ka ga rami ya koma tudu. Abu ɗaya gwajin zai yi maka ƙarya: jifan hannu ba shi da gudu, don haka ramin zai yi tsawo da wuri fiye da yadda yake faruwa a sama.

Daga nan ɗauki takarda. Rubuta lambar hoton, wurin, inda rana take, faɗi, zurfi, baki, baraguzai, ciki, maƙwabta. Abin da ka gani a shafi ɗaya, abin da kake zato a wani shafin, kada su haɗu. Kawo bayani aƙalla biyu, kowanne ka rubuta abin da zai rushe shi. Wani lokaci ba wanda zai yi nasara. Ramin Orcus Patera na Mars, mai tsawon kusan kilomita 380 da faɗin 140, tun zamanin hotunan farko ake jayayya a kansa, ko dutse ne ya shafi ƙasa, ko aman wuta, ko tsohon rami ne da ƙasa ta matse, kuma har yau ba a rufe maganar ba.

In wurin da ya ɗaure maka kai ba shi da hoto mai kyau, masu kula da HiRISE sun buɗe tsarin HiWish tun 2010. Kowa na iya yin rajista kyauta, ya zana akwati a kan taswirar Mars, ya rubuta dalilinsa a taƙaice da Turanci. Dalilin da ya ambaci faɗin ramin, siffar baraguzansa da tambayar da hoton zai amsa ya fi samun shiga, kuma in an ɗauka za a turo maka sanarwa ta imel.